A sake kiran baƙon nan kan maganar tankunan gidajen mai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku na daren Talata. Baƙon naku ya ce duk tankin da ke binne a gidan mai an gwada shi, kuma yana da takarda. Mai gabatarwa ya ce to madalla, aka tsallaka zuwa maganar farashi. Shi ke nan? Ba wanda ya tambaye shi yaushe aka yi gwajin. Ranar da aka binne tankin ne, ko bayan ya shekara 20 tsatsa na cin sa a ƙasa?

Ni ba labari aka ba ni ba. Na yi aiki a gidan mai ina saurayi, kuma ni ke zura sandar awo dare da safe. Akwai wani mai da muke shafawa a bakin sandar, in ya canza launi to ruwa ya kwanta a gindin tanki. Da damina kusan kullum sai ya canza. Ko yaro ya san ƙofar da ruwa ya bi ya shiga, ta nan fetur zai bi ya fita. Sau da yawa awon safe ba ya kai na dare, alhali ko ɗigo ba a sayar ba. Maigidanmu bai taɓa cewa a kira masu gwaji ba. Cewa yake yi yara ne ke sata, a zare daga albashi. Mun sha biyan kuɗin man da ƙasa ta shanye.

Gwajin gaskiya ba a ofis ake yin sa ba. Sai an tsayar da ciniki, an kwashe mai, an toshe kowace kafa, an ɗura iskar naitirojin (ba iskar gari ba, don tururin fetur ba ya wasa), sannan a ɗaura agogon awo a zauna a zuba wa allurar ido. In ta sauka, akwai huji. Bututun da ke kai mai zuwa famfo ma sai an gwada su daban, don yoyo ya fi son mahaɗarsu. Wannan aikin yana cin cinikin yini, shi ya sa masu gidajen mai da yawa ke gudun sa.

Gidan mahaifiyata bango ɗaya ne ya raba shi da wani gidan mai. Rijiyar da muka tashi muna sha, yau in ka jawo guga sai ka ga maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman ruwan, wari kuwa tun daga zaure. Ko alwala ba a yi da shi. Tsohuwa mai rijiya a tsakar gida ta koma jiran 'yan garuwa. Da muka je da koke, manajan ya ce mu kawo hujja. Da me za mu tona masa ƙasa?

Kuma warin shi ne ƙaramar matsalar. A cikin fetur akwai sinadarin benzin da ke haddasa sankarar jini. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan yankin Ogoni da ke Jihar Ribas ya sami wannan guba a wasu rijiyoyin sha har ninki 900 na ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Can bututu ne, nan tanki ne, amma dafin ɗaya ne, kuma yana shiga ruwa tun kafin hanci ya ankara.

Don Allah ku dawo da mutumin, ku haɗa shi da jami'in NMDPRA, hukumar da ke kula da gidajen mai, wadda ta gaji DPR a 2021. A tambaye su duk bayan wane lokaci ake maimaita gwajin, wa ke tsayawa a kai, kuma me ya hana a manna takardar a bango inda maƙwabta za su ga kwanan watan.

Sannan ku gyara layin wayarku. Na kira ranar, aka ɗauka, aka bar ni ina sauraren tallar maganin basir har katina ya ƙare.

Naku,
Mai sauraro daga Kano