Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano Kan Jakara Da Kududdufan Birni

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, kukan Jakara, rafin da ya ratsa birnin Kano, na kawo maka.

A cikin birni aka haife ni. Bayan gidanmu akwai kududdufi, ramin da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini. Da damina duk ruwan lungunmu can yake gangarawa, agwagi na iyo, mu yara muna kamun tarwaɗa. Yau babu shi. An cike shi da shara, an yanka filoti, shaguna sun tashi. Shi kuwa ruwa bai manta hanyarsa ba. Bara da tsakar dare ya shigo ɗakin mahaifiyata, muka kwana muna kwarfewa da bokiti, katifarta a kanmu.

Jakara ma haka muka yi mata. A gefenta Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi tun ƙarni na 15, amma mun mayar da ita kwata: leda, ruwan masai, ƙazantar mahauta. Can gaba rafin Getsi ya ƙara mata dagwalon masana'antun Bompai, duka su tafi dam ɗin Wasai a Minjibir. Da wannan baƙin ruwa masu lambu ke ba latas da kabeji, mu saya mu kai wa iyalanmu.

Kai ne kwamishinan ayyuka daga 2011 zuwa 2015, lokacin da aka fara titin Wuju-Wuju a kan Jakara, don haka ba baƙon zancen ba ne kai. Titi alheri ne, ban musa ba. Sai dai rufe ruwa da kankare ba ya wanke shi, ɓoye shi kawai yake yi.

Roƙona, a ƙirga kududdufan da suka rage, a kafa dokar hana cike su, komai girman mai neman filin. A tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi. Inda Jakara take a buɗe kuma, a yashe ta, a dasa bishiyoyi a bakinta, a bar wa jama'a wurin shan iska maimakon jeren shaguna. Idan gyara ya taɓa gidan talaka, a zauna da masu unguwanni, a biya diyya kafin katafila ta iso.

A fara yashewar tun da rani, ranka ya daɗe, kafin hadarin farko ya haɗu.

Naka,
Wani ɗan cikin ganuwa