Godiya ga Baba mai gareji da yaransa a Jalingo

Assalamu alaikum. Ni direba ne, rubutu ba sana'ata bace, amma abin da aka yi min a garejin nan ya wuce in ce na gode a baki in kama gabana. Baba yace kar in saka sunansa, to na bi umarni, amma direbobin layin Gembu sun san wanda nake nufi.

Motata Land Cruiser ce buɗaɗɗiya mai injin 1HZ, silinda 6, da ita nake lodin kaya daga Jalingo ta Bali da Serti har in hau Mambilla in shiga ƙauyukan da kwalta bata taɓa zuwa ba. Wajen wata takwas kenan salansa ta hana ni sakat. Da safe in na tada mota sai kaji wata ƙara tsit tsit tsit daga ƙasan injin, in ya yi zafi ta ɗan lafa, da na fara hawa bayan Mayo Selbe kuma ƙarar ta dawo sai kace janareta, hayaƙi ya riƙa shigowa ta wajen giya, idona na ruwa, kaina na sarawa, yaron motata ma har amai ya taɓa yi na ɗauka zazzaɓi ne.

Wurare huɗu na kai ta. Duk wanda na je wa ko leƙawa baya yi sosai, sai dai yace a kira mai walda. Wani ya liƙe da gam, ko Bali ban kai ba ya zube. Wani ya maida min tsohon gasket ɗina, abin da ake sawa tsakanin gaɓar bututun salansa don kar hayaƙi ya fita, ya karɓi kuɗin sabo, Allah ya isa ban yafe ba. Na ƙarshen shi ne gwani, ya haɗe gaɓar da walda gaba ɗaya ya ɗaure bututun a jikin shasi da rodi yace yanzu ko dutse na daka ba zai motsa ba, sati biyu ya tsage a gefen waldar.

Da na zo wajen Baba har na shirya jin wannan tatsuniyar. Sai yace in kashe mota in je in sha shayi sai injin ya huce. Da ya huce ya sa wani yaronsa, ɗan siriri da ba zai wuce shekara 17 ba, ya kaɗa ruwan omo ya shafa a duk gaɓoɓin, aka tada mota aka ɗan toshe bakin salansa da tsumma, nan take kumfa ta fara tashi a wuri biyu. Yaron nan ya ja hannuna har ƙarƙashin mota ya nuna min baƙin hayaƙi da ya zana layi a inda bututu ya haɗu da manifol, ƙarfen da ke tara hayaƙi daga injin, yace Oga ka gani nan take fita. Wallahi tunda nake ba makanikin da ya taɓa nuna min ciwon motata da idona.

Amma abin da ya ƙara ɗaure min kai, Baba yace laifin ba na salansa bane. Ya sa ƙarfe ya ɗaga injin sai ga injin sitin ɗaya, wato robar da injin ke zaune a kai, ya rabe biyu. Yace ɗana, injin rawa yake yi, a hanyar daji kuma shasi ma murɗewa yake, in ka ɗaure bututu tamau dole wani wuri ya karye, shi yasa ake rataye shi da roba ba da rodi ba. Ya yanke rodin, ya sa robobi, ya saka fleksibul, wato guntun bututu mai lanƙwasuwa, a tsakani. Fuskar gaɓar ma ya ɗora mata miƙaƙƙen ƙarfe ya haska tocila muka ga haske na wucewa, wato ta lanƙwashe, sai da aka goge ta ta daidaita kafin a sa sabon gasket, kuma a gabana aka ɓare shi daga leda. Notukan bai ɗaure ɗaya ya gama ba, kaɗan kaɗan yake bi yana zagayawa.

Ya kuma ja min kunne, in na sauko gangara salansa ta yi zafi kar in afka rafi kai tsaye, in ɗan tsaya, ruwan sanyi ke lanƙwasa ƙarfe, taɓo kuma a wanke shi don shi ke riƙe laima ya kawo tsatsa.

Ni abin da ke ci min rai, ina aka kai irin waɗannan masu gyaran? Yanzu yaro ya yi wata shida yana miƙa sufana sai ya buɗe gareji, komai walda, komai gam, kai da ka dawo gobe ma ciniki ne a wajensa, kuma ba wanda ke tambayarsa takarda.

Baba yace in na yi sawu ɗaya in dawo a sake ɗaure notukan da sanyin injin. Na dawo, yaron nan ya bi su, ko sisi basu karɓa ba. Sawu biyar kenan shiru kake ji. Baba, Allah ya ƙara girma ya albarkaci zuri'a, buhun fiyar da na ajiye a ofis na yaran ne, a ba ɗan siririn nan kaso biyu.