Abin da kunne ya sha tun ana yaro shi ke yin DJ

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ba ni dan fili in yi magana kan yaran nan namu masu sana'ar DJ, saboda duk inda aka tada zancensu sai ka ji ana cewa ai danna maballi ne kawai, wai duk wanda ya samu laftof da fulash ya zama DJ. Ni sana'ata ba da hayar sifiku da janareta a kasar Hadejia, kusan duk bikin da za a yi a kauyukan nan da kayana ake yi, to ina ganin abin da mutane ba sa gani.

DJ biyu za su zo da wakoki iri daya, a shago daya ma aka tura musu, amma daya fili zai cika har kura ta tashi dayan kuma mata su zauna kan tabarma suna ta hirarsu kamar ba a kunna komai ba. In ka bincika sai ka tarar na farkon a gindin kida ya tashi. Akwai wani yaro da nake yawan ba kaya, kakarsa ce ke jan kidan kwarya a unguwarsu, tun yana rarrafe yake zaune gefen bahon ruwan da ake kifa kwarya a ciki. Ranar wuni in ka tsaya bayansa za ka ga idonsa ba ya kan na'ura, yana kan kafafun mata. Da ya hango gwaggon amarya ta mike tana gyara daurin zani sai ya sauke sautin zamani a hankali ya shigo da amada irin ta marigayiya Barmani Choge, kafin ka ce me tsofaffi sun shigo fili ana ta liki, shi kuma ya ja makirfo ya kira sunan gidan da kirarin kakanninsu. Wannan kiran suna daidai lokacin da hannu ya shiga jaka, wallahi aikin maroka da masu kalangu ne tun kaka da kakanni, kuma a gida ya tsince shi.

Turawan da suke da gidajen rawa ma haka abin yake a wurinsu. Mutumin da ake kira Kool Herc, wanda ake cewa daga hannunsa kidan hip hop ya faro, a Kingston ta kasar Jamaika aka haife shi, ya tashi yana jin manyan sifikun da ake kafawa a titi ana rawa. Da iyayensa suka koma unguwar Bronx a birnin New York na Amurka a 1967 sai ya tafi da wannan a kansa. A 1973 ya fara hada casu, ya lura masu rawa sun fi zabura a daidai inda mawaki ya yi shiru ganga kadai ke tashi, sai ya nemo faifai biyu iri daya yana maimaita wurin. To mai kalangu da ke matse tsarkiya a hammata yana nanata wuri daya na kidan saboda ya ga dan rawa ya hau, ai abin da yake yi ke nan.

Abin da ke damuna shi ne yaran da ke tasowa yanzu. Mu mun ji gangar noma ranar gayya, mun ga kalankuwa bayan kaka, da daddare rediyon Kaduna ya sako Shata ko Dankwairo, ga namu Haruna Uji da gurminsa. Shata ya rasu a 1999, Barmani 2013, Dan Maraya Jos 2015, kuma gidajen makada da yawa a kauyukanmu 'ya'yan sun ajiye ganga sun kama acaba. Yaro dan shekara goma sha biyar yau abin da ya sani shi ne guntun sautin TikTok na dakika talatin, shi ya sa in ya hau kaya sai ya kure sauti tun farko, ba hawa ba sauka, har sifika ta fara gurnani dattawan unguwa su aiko a kashe. Rabin rigimar da ake yi da masu DJ a biki daga nan take, rashin sanin lokacin da ake sassautawa da irin wakar da ba a sawa gaban surukai.

Rokona ga gidajen rediyon Dutse da Kano, tsofaffin kasa-kasan nan da ke ajiye a dakunanku a juye su zuwa na'ura yadda yaro zai iya samu a wayarsa. Ku kuma masu DJ, makadan da suka rage a garuruwanku suna nan da ransu, ku je ku gaishe su ku zauna ku ji yadda ake daga fili da yadda ake sauke shi. Ni dai a nawa bangaren duk wanda ya gayyato mai kalangu ko masu kwarya su yi aiki tare da DJ a bikinsa, zan rage masa kudin haya.

Naku,
Mai hayar sifiku, daga masarautar Hadejia, jihar Jigawa