Hummus Sunan Ƙwaya Ne Kafin Ya Zama Sunan Abinci

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Mu masu sana'ar abinci ne a Makka, muna roƙon fili a jaridarka domin alhazai da 'yan Umra da ke zuwa daga gida, waɗanda kalmar hummus ke rikitawa. Wasu na ɗauka miya ce, wasu kuma na cewa waken Larabawa ne da aka dama kawai.

A Larabci, hummus sunan ƙwayar ne, wata 'yar dunƙulalliya mai launin ƙasa-ƙasa da ɗan tsini kamar bakin tsako, dangin wake amma ba irin namu ba. Cikakken sunan markaɗaɗɗen da ake dangwala da gurasa shi ne hummus bi tahina, wato hummus da niƙaƙƙen riɗi, kuma abincin mutanen Sham ne da Masar. Saboda haka wurin da ka faɗi kalmar shi ke yanke ma'anarta. A gidan abinci za a kawo maka faranti da man zaitun a kai, a shagon hatsi kuwa busasshiyar ƙwaya za a auna maka. Idan an dafa ta ba a markaɗa ba, aka zuba mata khal (wato binega) da kammun (wani kayan ƙamshi) da tsamammen kokwamba, mutanen Hijaz na kiranta balila, ana yawan sayar da ita da azumi. 'Yan uwanmu na Sudan kuma kabkabe suke ce wa ƙwayar.

Ga yadda ake yin na mutum shida. A jiƙa busasshiyar ƙwaya giram 250 na awa 12 cikin ruwan da ya ninka ta sau uku, domin tana kumbura har nauyinta ya haura ninki biyu. Da zafi a sa ta cikin firij, in ba haka ba ruwan zai yi tsami. A zubar da ruwan jiƙon, a ɗora da sabo, a sa rabin ƙaramin cokali na hodar bikarbona, wadda aikinta ɗaya da na kanwa a tukunyar wake. A riƙa kwashe kumfa da ɓawon da ke tasowa. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya kan isa.

A nan mafi yawan mutane ke ɓata abincin, don haka muke jan hankali. Dahuwar da ta isa ci ba ta isa markaɗe ba. Sai ƙwayar ta murje tsakanin yatsu biyu ba tare da an danna ba, har ta fara faɗuwa cikin ruwa. Idan da sauran tauri a tsakiyarta, duk daɗewar da blenda za ta yi, tsaki-tsaki zai fito a harshe. Mutane kan ɗora laifin a kan ɓawo, su zauna suna ɓare ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, alhali rashin nuna ne. Tsohuwar ƙwaya da ta daɗe a shago ita ma tana ƙin laushi. Hodar bikarbona kuma in ta yi yawa, ɗanɗanon sabulu take bari. Ƙwayar gwangwani mai giram 400 tana ba da kusan giram 240 bayan an tsane, kuma sai an ƙara tafasa ta minti 20.

A markaɗa ƙwayar da ɗuminta ita kaɗai tukuna. Sannan a zuba tahina giram 120, ruwan lemun tsami babban cokali 4, tafarnuwa ƙwaya 2 da gishiri ƙaramin cokali 1. Da zarar tahina ta haɗu da lemun za ta ƙulle ta yi kauri. Kada a tsorata, kuma kada a zuba mai don a sassauta ta. Ruwan ƙanƙara ake zubawa kaɗan-kaɗan, kusan rabin kofi, injin na juyawa minti 4 zuwa 5 har ya yi haske ya yi santsi. A bar shi da ɗan ruwa-ruwa, domin yana ƙara ɗaurewa in ya huce.

Ɗaci kusan kullum daga tahina yake, ko ta tsufa, ko an ƙona riɗin wajen suya. A ɗanɗana ta kafin a zuba, a kuma juya kwalbar sosai saboda man yana tasowa sama. Tafarnuwa in an bar ta minti 10 cikin ruwan lemun, kaifinta na raguwa.

Abin da ya fi damun mu shi ne ajiya. Alhazai kan sayo faranti da safe, su bar shi a ɗaki har bayan Isha'i. A zafin Makka wannan ganganci ne, kada ya wuce awa 2 a wajen firij, in kuwa cikin tsananin zafi yake, awa 1. A firij, cikin mazubi mai murfi, kwana 3 zuwa 4 ne. Wanda kuma jikinsa ba ya karɓar riɗi ya kauce masa gaba ɗaya, shi da mutabbal, wato markaɗaɗɗen gasasshen yalo, domin shi ma da tahina ake haɗa shi.

Wassalam,
Wasu masu sana'ar abinci, Makka.