Godiya ta musamman ga ofishin CBT na garin Kochkor, ƙasar Kirgistan

Assalamu alaikum ma'aikatan ofishin CBT na Kochkor, masu haɗa baƙi 'yan yawon buɗe ido da iyalan ƙauye da za su sauke su, da fatan kun sauko daga kan duwatsu lafiya, ya sanyi, ya dabbobi. Na san ba ku jin Hausa, amma da ita zan rubuta don godiyar da ke raina ba za ta fito daidai da wani yare ba, ƙanina zai juya muku ita daga baya, kuma ina so mutanenmu su karanta su san irin karamcin da kuka yi wa ɗan'uwansu.

Ni ɗan kasuwa ne a Kano, kayan yadi nake sarowa daga Istanbul, a can ne wani abokin ciniki ya dame ni da labarin ƙasarsu har na ce to bari in je in gani. Da na faɗa a gida sai da aka yi min dariya, wai Kirgi me? Wani ma ya ɗauka Afganistan nake nufi ya fara min nasiha. To ƙasa ce ta musulmi a tsakiyar Asiya, tana iyaka da Sin da Kazakistan, ta fita daga Tarayyar Sobiyet a 1991, kuma kusan duk ƙasar duwatsu ne. Kwana biyu na yi a Bishkek, na yi sallah a babban masallacin da Turkiyya ta gina aka buɗe a 2018, na shiga kasuwar Dordoi wadda shagunanta duk kwantena ne an ɗora wata kan wata, ƙasa shago sama sito, wallahi ɗan Kwari in ya shiga nan sai ya riƙe baki. Amma ba kasuwa ce ta kai ni ba. Mahaifiyata Bafulatana ce, duk hutun makaranta a ruga nake yin sa wajen kakanni, shi ya sa da aka ce min akwai makiyayan da har yau suke hawa dutse da dabbobinsu kowace shekara sai hankalina ya tsaya a nan.

Na iso ofishinku da rana a ƙaramar bas ɗin nan da kuke kira marshrutka, a gajiye, ba Rashanci ba Kirgizanci, sai ɗan Turancin kasuwa. Baiwar Allahn da na samu a kan tebur ba ta yi min kallon mamaki ba duk da na san ba kullum baƙar fata ke shigowa ba, ta ba ni kujera ta zuba min shayi, sannan ta ɗauko takarda ta rubuta komai dalla-dalla da kuɗinku na som, kuɗin mota, kuɗin kwana, abinci, doki, ɗan rakiya, ta nuna min abin da zai shiga hannun iyalin da za su sauke ni da ɗan abin da ofis zai riƙe. Ni da na saba da ciniki har na gyara zama zan fara taya, sai na ga babu wajen tayi don babu abin da aka ɓoye. Kuma har na dawo ko som ɗaya ba wanda ya ce in ƙara. A nan ta ba ni labarin cewa a garin naku aka fara wannan tsari a shekarar 2000 da taimakon ƙungiyar Helvetas ta Suwizalan, don kuɗin baƙi ya riƙa isa ga mutanen ƙauye kai tsaye.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar abinci. Na ce mata mu Malikawa ne ba ma cin naman doki, kuma na ji nonon goɗiyar nan da kuke tsimawa, kumis, yana da ɗan bugu, ina jin kunyar a miƙo min in ƙi karɓa a gidan mutane. Ba ta yi dariya ba, ba ta ce ai mu ma musulmi ne muna sha ba, waya kawai ta ɗauka ta kira can sama ta yi musu bayani. Kwana uku na yi ba wanda ya miƙo min abin da zai sa ni a tsaka mai wuya, rago aka yanka, nonon goɗiya kuma sabon tatsa aka ba ni wanda bai kwana ba, yana da zaƙi-zaƙi kuma ba kauri kamar na saniya. Ta kuma kalli rigar da ke jikina ta girgiza kai, ta sa aka aro min wata ƙatuwar rigar sanyi, ni kuwa a raina ina cewa watan Yuli ne fa, wane irin sanyi. Ashe ban san komai ba.

Tafkin Son-Kul, inda aka kai ni wajen makiyayan, yana sama da mita 3,000 daga teku, hanyar ta bi ta wata mashiga mai suna Kalmak-Ashuu, mota na ta nishi tana kewaya dutse, ga ƙanƙara a gefen hanya ban taɓa ganin ta da idona ba sai ranar. Da muka ɓullo sai fili ya buɗe, ciyawa shar iya ganinka, ba bishiya ko ɗaya, ruwa shuɗi a tsakiya, dawakai da tumaki masu ƙaton bindi da wasu shanu masu gashi har ƙasa da ake kira topoz. Daren farko kaina ya yi ta sarawa, numfashi sama-sama, laifina ne don direbanku ya ce in zauna in huta ni kuma na kama yawo ina ɗaukar hoto. Shi ya kwana yana leƙo ni yana cewa baike, wato yaya, yana ba ni shayi, ya ce in bai sauka ba zuwa asuba zai mayar da ni ƙasa. Allah ya sa ya sauka.

Ɗakin da na kwana shi ne boz uy, zagayayye kamar bukka amma na itace da bargon ulu, ana kwance shi a ɗora wa mota ko dabba in za a tashi, kuma zoben da ke tsakiyar rufinsa, tunduk, shi ne a jikin tutar ƙasarku. Busasshen kashin dabbobi ake hurawa a murhu, ƙamshin hayaƙin nan kaɗai sai da ya mayar da ni rugar kakata. Da safe na fito na ga 'yan duƙushi a ɗaure a jere a igiya ɗaya doguwa, na ce kai wannan ai dangwali ne! Uwar gidan ta zo tatsa, aka kwanto ɗan ya fara tsotsa sannan aka janye shi ta sa hannu, sak yadda ake yi wa maraƙi a wajenmu. Na nuna mata hoton shanun kawuna a waya, farare masu dogon ƙaho, ta kira mijinta da yara duk suka taru a kaina, tambayar farko da maigidan ya yi ta bakin direba ita ce ina kuke kai su in ciyawa ta ƙare. Muka zauna muka yi ta hira, su sanyi ke koro su ƙasa a watan Satumba su koma sama a Yuni, mu kuma rani ke tura namu kudu neman ruwa. Ya tambaya ko ana rigima da manoma, na yi shiru kaɗan sannan na ce ana yi.

Sun zaunar da ni a can ƙuryar ɗaki mai fuskantar ƙofa inda ake ajiye babban baƙo, ga boorsok kamar ƙananan fanke, ga kurut, busasshen nono mai gishiri da ya tuna min da cukun Agadas sai dai ya fi shi tsami. In an gama ci kowa ya ɗaga hannu a shafa a ce omin. Lokacin sallah kuwa na miƙe zan fuskanci gabas yadda na saba, dattijon gidan ya kamo kafaɗata ya juya ni kudu maso yamma, sai a lokacin na tuna na wuce Makka. Magariba ma sai wajen ƙarfe tara saura take yi.

Don Allah ku isar min da gaisuwa ga wannan gida, da yaron da ya riƙe min linzami ranar da doki ya so ya kunyata ni, da matan da suka sayar min da shirdak, wato dardumar ulu, yana nan a ɗakin Hajiyata ta hana kowa takawa. Hotunan da na yi alkawari na wanke su, zan ba abokin cinikina a Istanbul ya kawo ofishinku tare da atamfa turmi biyu, ɗaya ta uwar gidan ɗaya ta 'yar'uwar da ta aro min riga. Rahmat, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara albarka a dabbobi.

Naku,
baƙonku daga Kano