Lambar da ke jikin faifan gem da ba ma dubawa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana iyaye a kan wasannin bidiyo na harbe-harbe da kashe-kashe, waɗanda yara ke kira gem, da suka shigo mana gida ba tare da sallama ba.

A makon ƙaramar Sallah na bi sawun ɗana mai shekara tara zuwa wani shagon gem da ke bayan layinmu, saboda la'asar ta wuce bai dawo ba. Na tarar da yara sun fi goma cunkushe a kan benci biyu, janareta yana ruri a ƙofa, kowa ya damƙe kuɗin barka da Sallarsa yana jiran layi. Wanda ke bugawa bai kai ɗana tsawo ba. A allon talabijin ya fizgo wani direba daga mota, ya shiga, ya bi ta kan masu tafiya a gefen titi, sauran yaran kuwa suna ta shewa suna cewa ya ƙara. Wallahi dariyar nan tasu ta fi jinin da ke kan allon tayar mini da hankali.

Na nemi mai shagon ya nuna mini kwalin faifan, sai ga Grand Theft Auto V, da lamba 18 ɓaro-ɓaro a cikin jan akwati a gefensa. Na tambaye shi ma'anarta, ya ce shi bai taɓa lura da ita ba. Ban zarge shi ba, domin ni ma da na haifi yaron ban taɓa dubawa ba.

Wannan lamba tana da asali. A shekarar 1993 majalisar dattawan Amurka ta yi zaman sauraron bahasi a kan zubar da jinin da ke cikin wasanni irin su Mortal Kombat, kuma a 1994 kamfanonin da ke ƙera wasannin suka kafa hukumar ESRB mai tantance shekarun da suka dace da kowane wasa. Turai ta biyo baya a 2003 da tsarin PEGI, mai lambobin 3, 7, 12, 16 da 18, waɗanda ke nuna mafi ƙarancin shekarun da suka dace da mai buga wasan. Ashe ko a ƙasashen da ake ƙera wasan an yarda cewa ba na yara ba ne, amma a nan yaro ɗan firamare yana biyan kuɗi ya buga shi da rana tsaka. A 2011 kotun ƙolin Amurka ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara irin waɗannan wasanni, wato ko a can nauyin ya dawo wuyan iyaye.

Ba zan ce gem ne ke mayar da yaro ɗan daba ba, domin dabanci ya girmi PlayStation, kuma ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar da ke danganta waɗannan wasanni da aikata ta'asa, ko da yake ta tsaya a kan cewa suna da alaƙa da ƙaruwar zafin rai da tsokana. Wannan ɗin ma ya ishe ni damuwa. A yankin da yaro ke tashi yana jin labarin 'yan bindiga a rediyo safe da yamma, bai kamata a ce bindiga ce abin da yake samun maki da shi idan ya dawo daga Islamiyya ba.

Ni ne na ba ɗana tsohuwar wayata don ya bar ni in huta, kuma da na bincika sai na tarar da wasan harbe-harbe na Free Fire a ciki, yana buga shi cikin bargo bayan an kashe fitila. Yanzu wayar a falo take kwana, na sa mata manhajar Family Link ta Google wadda ba ta bari a sauke komai sai da amincewata, kuma nakan zauna mu buga ƙwallo tare. Mai shagon ma ya amince ya riƙa sa wa ƙanana wasan ƙwallo da tseren mota kawai.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne ku buga hoton waɗannan lambobi da bayaninsu da Hausa, domin masu unguwanni da ƙungiyoyin iyaye da malamai su samu abin riƙewa a hannu idan za su zauna da masu shagunan gem na unguwanninsu.

Naka,
Wani uba daga Kaduna