Ƙannenmu sun iya girki amma sun ƙi yarda da kansu

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki.

Mu tsofaffin kuku ne a otel-otel da gidajen abinci na Yamai. Damuwarmu ƙannenmu ne da ake damƙa wa madafa bayan sun yi shekaru suna yankan albasa da wankin tukwane. Hannunsu ya faɗa, amma a ransu gani suke kuskure aka yi aka ɗora su, yau ko gobe asiri zai tonu. Abin ya fi cin waɗanda suka koya a gaban maigida, ba takardar makaranta, ga yaro mai difloma yana jero musu sunayen miya da Faransanci.

Hajiya, wannan shakka a tukunya take fitowa. Shinkafar mutum 100 kilo 10 zuwa 12 ce. Idan ruwa ya tsotse sai a rage wuta, a rufe, a bar ta minti 20 ba taɓawa. Mai shakka ba ya iya haƙuri. Yana buɗe murfi, tururi na gudu, sama ta fito ba ta dahu ba, ya ƙara wuta, ƙasa ta kama. Miya kuwa yakan ɗanɗana sau goma, harshe ya mutu, ya ƙara gishiri da Maggi har ta wuce gyara. Giwan ruwa mai take so mai zafin digiri 180 da juyi ɗaya tak. Shi yana saka ta mai bai yi ba, ya yi ta juyawa, tsoka ta farfashe ta sha mai. Mafi muni, ba ya sakar wa yaransa aiki. Albasar Galmi ma shi zai yanka, don kada a ce bai iya ba, baƙi na can zaune suna jira.

Sikeli da rubuta awo a bango sun gyara abinci, zuciya kuwa tana nan yadda take. Faranti 80 su dawo a suɗe, ɗaya da saura, wannan ɗayan zai hana shi barci. In ka yabe shi ya ce sa'a ce. Wasu har sun fara zancen ajiye aiki, ga iyali.

Shin a keɓe za mu riƙa yi musu magana, ko a gaban abokan aiki? Kuma wace alama ce za ta nuna mana abin ya wuce nasihar manya, sai an kai ga likita?

Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wasu kuku daga Yamai